Masarar Baba da ma'aunin da ke cikin ganye

Damina da ta wuce na raka Baba gonar masararmu da ke bayan Garwa, ganyen ƙasa duk sun yi ɗorawa tun daga baki har cikin jijiya, na sama kuwa kore shar. Baba ya duba yace "yunwa take ji, a kawo uriya". Kuma gaskiyarsa, don idan masara ta rasa naitirojin, sinadarin da muke kira azot a lise, wato sakandare, sai ta kwashe na tsofaffin ganye ta kai wa sabbi. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne, to ta yaya ta san ta rasa? Ba ido ba baki, amma tana lissafin abin da ke rumbunta.

Na yi watanni ina bin wannan tambaya, wallahi inda na samu amsa mafi daɗi ban zata ba, wajen gansakuka ne, irin koren nan da ke rufe kududdufi muna ƙyamarsa. Akwai wata 'yar mitsitsiya a cikin danginsu, ƙwayar halitta ɗaya tal mai wutsiya biyu, sunanta Chlamydomonas, masana sun daɗe suna nazarinta.

A cikinta akwai wani furotin da ake ce wa PII, wato P na biyu. An fara gano shi a 1969 a Amurka a jikin bakteriyar E. coli, sai a 1998 aka same shi a tsiro, a wani ɗan haki mai suna Arabidopsis. Furotin ɗin guda uku ne suke haɗuwa su zama ɗaya, kuma a tsiro yana zaune ne cikin kuloroflas, ɗakin nan kore da ke dafa abinci da hasken rana. Shi baya dafa komai, aikinsa awo ne kawai, kamar mai tsaron rumbu da ke leƙawa ya faɗa wa uwargida ta auna da yawa ko ta rage hannu.

Ga yadda abin yake. Tsiro in ya sha naitirojin sai ya ɗaura shi a kan wani sinadari mai suna 2-okzogulutaret, daga nan ake samun gulutamet da gulutamin, sinadaran da ke ɗauke da naitirojin ɗin a cikin tsiro. To idan naitirojin ya yi ƙaranci, wannan sinadarin sai ya taru ba abin ɗora masa, ya je ya maƙale wa PII, shi kuma PII ya saki wani enzayim, wato furotin mai hanzarta haɗa sinadarai, da ake kira NAGK, wanda shi ne ƙofar haɗa arjinin. Arjinin ɗin nan ma'ajiya ce, kowane ɗaya yana riƙe da ƙwayar naitirojin 4. Kenan in ana cikin rashi sai a rufe ƙofar ajiya, in an samu wadata PII ya rungumi NAGK a ci gaba da tarawa, ko da arjinin ɗin da kansa, in ya yi yawa, yana ƙoƙarin taka wa NAGK birki.

Wurin da ya fi burge ni shi ne binciken 2014, na masana a Tubingen ta Jamus da abokan aikinsu na Rasha. Sun ga PII na gansakukar nan yana da ɗan ƙarin jela a ƙarshensa, kuma sai gulutamin ya zauna a wannan jelar kafin ya iya tada NAGK. Wato yana ɗanɗana naitirojin ɗin kai tsaye. Da suka duba shinkafa sai suka ga haka take ita ma. Amma Arabidopsis da danginta na kabeji sun rasa wani yanki na jelar, shi ya sa shekara da shekaru ana nazarin Arabidopsis ba a ga abin ba, sai da aka koma wa 'yar kududdufi.

Kuma ina ganin mu nan ya kamata labarin ya fi shafa. Dihe ɗin da matan Kanembu ke tacewa a tafkunan Kanem da gefen tafkin Chadi su shanya a yashi a sa a miya, ai siyanobakteriya ce, wato bakteriya mai dafa abincinta da hasken rana, ita ma tana da PII, kuma masana sun ce daga irin danginta kuloroflas ɗin kowane ganye ya samo asali. Yaranmu suna haddace sunan turawa a aji, ba wanda ya ce musu abin yana cikin tukunyar maƙwabta.



Da na yi wa Baba bayani iya yadda zan iya, nace masa Baba tsiro yana auna abin da zai iya ɗauka ne, uriya kuma kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, in an watsa ta a kan busasshiyar ƙasa da rana wani kaso yana tashi iska, in an zuba gaba ɗaya ruwan sama ya wanke saura. Ya yi shiru sannan yace ai shi ya sa mahaifinsa ke juya gona da gyaɗa da wake. Bana dai mun raba takin kashi biyu, muna tona rami kusa da gindi mu rufe bayan an yi ruwa.