Ranar da na daina shiga motar ma'aikata

A shekarar 2015 aka rantsar da ni ɗan majalisar dokokin jiharmu, bayan na daɗe ina koyarwa a sakandare. Saboda wannan tarihi kakakin majalisa ya sa ni a kwamitin ilimi. Na shiga da ɗokin cewa na san makaranta ciki da waje. Makaranta kam na sani, amma yadda kuɗi ke tashi daga baitulmali har ya zama bulo da kwano, wannan sai da na koya daga tushe.

Fitarmu ta farko duba ayyuka, ma'aikata ce ta tsara komai. Ita ta turo bas, ita ta zaɓi makarantun da za mu je, ita ta tanadi abincin rana. Duk inda muka sauka fenti sabo ne, yara sun yi layi suna waƙar maraba. Da za mu rabu aka miƙa wa kowa ambulan, aka ce kuɗin mai ne, alhali babu wanda ya zo da motarsa. Na karɓa, kuma har yau abin yana damuna. Muka dawo muka rubuta rahoto mai cike da yabo, zauren majalisa ya amince da shi ba tare da tambaya ɗaya ba.

Bayan 'yan makonni, wani hedimasta daga mazaɓata ya tare ni a ƙofar gida bayan sallar asuba. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Honarabul, na ji a rediyo kun ce an gama azuzuwan da aka sa a kasafi. Namu suna ciki. Ina roƙon arziki ka zo ka gani da idonka."

Na ce, "Malam, ai a takardar da aka ba mu an rubuta an kammala."

Ya ce, "To ranka ya daɗe, yarana a gindin darbejiya suke karatu."

Ranar Asabar na je. Ginin ya tsaya a daidai kan tagogi, ciyawa ta fito a inda ya kamata a yi daɓe, awaki sun mayar da wurin makwanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun zauna a babban birni mun sa hannu cewa babu yoyo.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne akawun kwamitinmu, ma'aikacin da ya ga majalisu da dama sun zo sun wuce. Ya zaunar da ni ya ce kasafin da muke amincewa da shi izini ne kawai, ba kuɗi ba ne. Akwai abin da majalisa ta amince, akwai abin da ofishin akanta janar ya saki, akwai kuma abin da aka biya ɗan kwangila. Takardu uku ne daban, kuma ma'aikata kan kawo mana ta farko kaɗai, wadda mu da kanmu muka rubuta. Sai ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999 ya nuna mini sashe na 128, wanda ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk ma'aikatar da ke kashe kuɗin da ta ware, domin tona cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 129 kuma ya ba ta ikon kiran kowa a jihar ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba tare da hujja ba, a iya ba da takardar kamo shi. Na yi rantsuwa da wannan kundi, amma sai ranar na karanta waɗannan sassa da idon mai aiki da su.

Daga nan na daina shiga motar ma'aikata. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma wanda ya ɗauke ka shi ke zaɓa maka abin da za ka gani. Na shawo kan abokan aiki biyu, ɗaya daga jam'iyyar adawa, muka ɗauki jerin ayyukan da aka ce an kammala muka zaɓi guda shida da kanmu. Ba mu sanar da kowa ba. Muka tafi da wani tsohon injiniya da ya yi ritaya, domin ni ban san bambancin kwano mai kauri da marar kauri ba, shi kuwa da taɓawa yake ganewa. A kowane wuri mun ɗauki hoto, mun rubuta rana, mun sa hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai sun sa hannu a kan abin da muka gani. Cikin shidan babu wanda aka gama.

Zaman da muka yi da kwamishina shi ne ya koya mini yadda ake tambaya. A da, idan jami'i ya zo gabanmu, kowane ɗan majalisa sai ya yi jawabin minti goma, ya gode wa mai girma gwamna, ya ambaci matsalolin mazaɓarsa, sannan ya jera tambayoyi biyar a haɗe. Jami'in sai ya zaɓi mafi sauƙi ya amsa. Wannan karon muka raba aiki tun kafin mu shiga, tambaya ɗaya gajera, a jira amsa, sannan ta gaba. Nawa aka saki? Wace rana? Wa ya sa hannu a takardar kammala aiki? Kwamishina ya ce farashin mai ya faɗi, kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ragu. Gaskiya ya faɗa, domin a 2016 tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali, jihohi da yawa ma albashi ya gagare su. Amma takardar biya tana hannunmu, ta nuna an ba 'yan kwangilar kuɗin fara aiki, wasu har an biya su kashi na biyu. Da na tura masa kwafin a kan tebur, sai ya juya ya dubi babban sakatarensa, ɗakin ya yi tsit.

A nan na kuma gane wani abu game da kuɗin ilimin firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da shi. Ɗan majalisar da bai tambayi ko jiharsa ta biya wannan kaso ba, ya bar rabin maganar a baya.

Ba a daɗe ba aka fara kira. Jam'iyyarmu ɗaya da gwamna, don haka manya suka ce ina tona wa gida asiri. Wani da nake girmamawa ya ce mini, "Ƙanena, mota da alawus ɗinka daga ina suke fitowa?" Tambayar tana da nauyi, domin a lokacin kuɗin gudanar da majalisa sai ɓangaren zartarwa ya ga dama yake saki. A gyaran kundin tsarin mulki na 2010, majalisun jihohi ba su ba da rinjayen da ake buƙata ba don a ba su 'yancin kuɗin kansu. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba su wannan 'yanci, ya bi da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake wani gyaran a 2023. Duk wanda ke kiran 'yan majalisar jiha 'yan amshin shata, ya dubi wannan tarihi tukuna. Ba na wanke mu, amma igiyar da aka ɗaure mu da ita ta gaske ce.

Mutane kuma suna zaton ƙarfin majalisa a tsige gwamna yake, suna tuna yadda majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981. Ni a ganina aikin yana cikin abubuwan da ba su da armashi, irin rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa, kwamitin asusun gwamnati ya duba. Da na nemi na shekarun baya, a ƙasan kabad aka ciro mini su, ƙura ta rufe, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Irin matsalar da muka sha rana muna nema, an riga an rubuta ta a ciki.

Na yi kuskure babba guda. Kafin mu gabatar da rahoto a zaure, na shiga gidan rediyo na faɗi abin da muka gano. Jama'a sun yaba, amma abokan aikina suka ji na yi musu riga-malam-masallaci, wasu suka ɗauka suna nake nema. Rahoton ya yi wata uku bai samu shiga jerin ayyukan zaure ba. Sai da na bi su gida-gida, na nuna wa kowa cewa a mazaɓarsa ma akwai irin wannan gini, sannan aka saurare shi. Ko da aka amince, ƙudurin majalisa shawara ce, ba ya tilasta wa gwamna komai.

Inda muka samu ƙarfi shi ne lokacin kare kasafi. Da ma'aikatar ta zo neman kuɗin sababbin azuzuwa, kwamiti ya ce ba zai duba buƙatar ba sai an kawo bayanin tsofaffin a rubuce, makaranta bayan makaranta. Cikin mako biyu takardun da muka yi watanni muna nema suka iso. 'Yan kwangila suka koma bakin aiki, aka gama huɗu daga cikin shidan, har da ta dattijon hedimastan nan.

A zaɓen fidda gwani na 2018 ban samu tikiti ba. Kafin in bar ofis na haɗa fayil na makarantu biyun da suka rage, da hotuna da kwafin takardun biya, na damƙa wa akawun kwamiti, na roƙe shi ya ba duk wanda zai gaje ni. Bara na bi ta ɗaya daga cikinsu a hanyar zuwa ta'aziyya. An yi rufi, an sa ƙofofi, amma babu benci ko ɗaya, yara a kan buhunan siminti suke zaune. Na tsaya na ɗauki hoto, na rubuta rana, na aika wa wanda ke wakiltar mazaɓar yanzu.