Jajayen awakin gwaggona

Jiya na dawo daga ƙauye can wajen Tasawa, na je gaida gwaggona ƙanwar babanmu, kuma wallahi tun a mota nake ta tunanin abin da na tarar a bayan ɗakinta. Awaki bakwai ɗaure a turke, duka jajaye, gashinsu sai sheƙi yake kamar an shafa musu mai.

Wanda bai san ta ba zai ce mene ne abin magana a awaki bakwai. To shekara huɗu da suka wuce, lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ko kaza babu a gidan nan. Kowace shekara damina na tsakiya rumbu ya ƙare, sai ta je ta ci bashin hatsi, da kaka ta biya da ƙari, abin da ta noma rabi ya tafi wajen biyan bashi, badi kuma a sake komawa gidan jiya. Mu da ke birni muna aika ɗan abin da ya samu amma ba ya kai ko'ina.

Abin ya fara ne daga asusun matan unguwarsu, irin na Mata Masu Dubara ɗin nan da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991, yanzu ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Wani furoje ya ba ƙungiyar tasu awaki, kowace mace biyu, da bunsuru ɗaya na kowa da kowa, da sharaɗin in sun haihu an yaye za ki miƙa biyu ga wata da ba ta samu ba. Wannan dubara ba daga waje ta zo ba, habbanaye ce ta Fulani, mai dabba ya ba ɗan'uwansa aron saniya ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya maida uwar. Mu muka gan ta wajensu tun kaka da kakanni.

Na ce mata, Gwaggo duka naku ne? Ta ce a'a ɗan nan, waccan ta bakin danga ba tawa ba ce, ta maƙwabciyata ce, jibi za a kai mata, ai amana ce. Ta biya nata bashin tun bara, wannan ita ta ga dama ta ba wata bazawara don ta san irin halin da take ciki.

Mu mutanen Maradi ba mu cika sanin darajar jar akuyarmu ba. Wata biyar take ɗaukar ciki, tagwaye ba abin mamaki ba ne gare ta, wani lokaci har uku, kuma in tana samun abinci ba ta daɗewa take sake ɗaukar wani. Fatarta kuwa tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita zuwa Maroko, daga can ta wuce Turai, Turawa suna ce mata fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A Najeriya jar Sakkwato suke kiranta. Saboda ita aka buɗe gidan kiwon awaki a nan Maradi tun 1963 don kada irin ya gurɓace.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne, akuya ba ta kiwon kanta, kuma nan ne masu rabon awaki da yawa suke kuskure. Na ga wani gari da aka kai musu awaki tsakiyar rani, an sayo daga kasuwa ba rigakafi, ba dusa ba harawa, aka ɗauki hoto aka tafi. Kafin ruwa ya sauka zawo da majina sun kashe wasu, sauran matan suka saida da araha don ba za ki zuba ido dabba tana ramewa a gabanki ba ga yara kuma da yunwa. Daga baya aka riƙa cewa wai mutanen ƙauye ba su da riƙo. Abin ya yi mini ciwo sosai, don ba laifinsu ba ne.

Gwaggo tun da kaka take shirin rani. Ana gama tsinkar wake take ɗaure harawa dami-dami ta jibga bisa rumfa inda rana ba za ta ci ta ba kuma awakin ba za su kai ba, ƙowar wake a buhu, dusar da ta fita daga surfe ba ta zubarwa, ruwan tsari ma nasu ne. Yaran in sun taso daga lakwal sai su bi ƙarƙashin gawo suna tsintar 'ya'yansa a kwano, shi ya sa ba ta yarda a sare ko ɗan ƙaramin gawon da ya tsiro a gonarta ba. Ga ɗan gishiri da kanwa a tsohuwar tasa. In ma'aikatan dabbobi sun zo rigakafi ita ce ta farko a layi, kuma kullum tana faɗa da yara kan leda, don akuya in ta ci leda sai dai ka ga tana bushewa ba ka san dalili ba. Da dare a cikin gida suke kwana saboda ɓarayi.

Bara da autanta ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, ɗan bunsuru ɗaya ta kai kasuwa, ta biya magani, sauran kuɗin ta auno gero 'yan tiyoyi. Ba ta taɓa gonar ba, ba ta je ƙofar kowa ba. Nonon ma ba yawa gare shi amma yana isa a dama wa ƙananan fura, takin turken kuma a kwashe a kai gona.

Da zan taho ta rako ni har bakin hanya, na ce me zan aiko muku Gwaggo, ina zaton za ta ce atamfa ko shinkafa. Ta ce in ka samu hali buhun dusa guda da maganin tsutsar ciki, biyu daga cikinsu sun kusa haihuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in ba direban garinsu.