Botin ɗin dila da na raina, shi ya kusa raba ni da aboki

Har yanzu in na tuna daren nan sai raina ya sosu wallahi. Mu shida ne a gidan da muke haya a Manchesta, ɗalibai, duk daren Asabar muna buga foka, wasan karta, irin ta Texas Hold'em, kuma kafin wani ya ce komai, ba caca muke ba, ko kwabo ba ya shiga, tsabobin roba ne kawai. Akwatin tsabobin da na saya ya zo da wani farin faifai ɗan ƙarami an rubuta dila a kai, shi ne botin da ake ajiyewa gaban wanda layin rabon karta ya zo kansa, na jefa shi a durowa, na ce ai wanda karta ke hannunsa shi ne dila, meye na wani botin?

Kuma da gaskiyata, muddin karta na zagayawa hannu zuwa hannu. Matsalar ta faro ne da wani ɗan Ghana a cikinmu, mai saurin hannu, ya ce a bar masa rabon gaba ɗaya don wasa ya yi sauri. Muka yarda. Ban lura ba cewa daga ranar babu abin da ke nuna inda layi yake sai ƙwaƙwalwarmu.

Mun tashi sallar isha'i, aka ci abinci, muka dawo, sai aka ce waye dila, wato wanda layin ya zo kansa ko da ba shi ke rabon ba? Na ce ni ne, da ƙarfin gwiwata. Ashe na riga na yi kafin mu tashi. Wanda ke hagun dila shi ke ƙaramin zubin dole, wato tsabobin da ake zubawa kafin a raba karta, na kusa da shi babban zubi, to abokina da ke kujera ta biyu a haguna ya zuba babba sau biyu a jere, lokacin zubin ya hau 200 da 400, tsabobinsa ba su kai 1,000 ba. Nan ya fita. Ni kuma na samu yin magana a ƙarshe hannu biyu, kowa ya san darajar wannan, kana ganin abin da kowa ya yi kafin ka motsa. Na ci duka biyun.

Da aka ƙirga aka gano, sai ya kalle ni ya ce "Haba malam, da kai?" Bai ƙara ko kalma ba. Sati uku bai sauko ba. Kuskure ne, Allah shaida, amma da me zan nuna masa? Faifan da zai wanke ni yana durowa, ni na sa shi da hannuna.

Yanzu ko karta na zagayawa sai na ajiye botin, musamman in an rage mutum biyu, don nan dila shi ke ƙaramin zubi kuma kullum sai an rikice. Mai rabo ba ya taɓa karta sai ya tura botin hagu. Ran da ya ɓace mana murfin kwalbar Fanta muka sa, abokin nawa ne ma ya ɗauko shi.