Takalman da ba a cirewa da dare

A damanar da ta wuce na tashi daga Tawa na je Bangi, cikin gundumar Madawa, domin in gaida ƙanwar mahaifiyata, sai na tarar ɗakin da muke sauka tun muna yara ya samu baƙi. Wani magidanci ne da matarsa da ƴaƴansu huɗu, mutanen wani ƙauye na yankin Sabon Birni a jihar Sakkwato, waɗanda ƴan bindiga suka kora, suka tsallako iyaka da tufafin jikinsu kaɗai. Inna ta ba su ɗaki da tabarma da tukunya, maƙwabta suka kawo hatsi, kuma babu wanda ya ga baƙon abu a cikin wannan, tunda harshenmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya, ga auratayya tun iyaye da kakanni.

A daren farko, da na fito alwala, na ga matar kwance a ƙofar ɗaki da takalmanta a ƙafa, jaririnta goye a baya. Da safe na tambayi Inna dalili. Ta ce mini, "Ɗana, ka bar ta. Tun da ta zo haka take kwana. Ranar da aka shigo garinsu ba takalmi ta gudu, ƙaya ta farfashe mata ƙafafu, ta ce ba za a sake samun ta haka ba." Babban ɗansu, wanda bai wuce shekara bakwai ba, da ya ji ƙarar babur sai ya ruga bayan rumbu ya toshe kunnuwa, ga fitsarin kwance da ya dawo masa bayan ya daɗe da daina shi. Uban kuwa yakan wuni jingine da katanga, in an gaishe shi ya amsa a takaice, in an kawo tuwo ya ce ya ƙoshi.

Ba yau jiharmu ta Tawa ta fara karɓar masu gudun hijira ba. Tun shekarar 2012 mutanen Mali suka fara shigowa, suka zauna a Intikan da Tazalit a arewacin jihar, kuma tashin hankalin ya biyo su har can, domin an kai hari Tazalit a 2016, an kai Intikan a 2020, sannan a watan Maris na 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a rana guda. Daga kudu kuma, tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke kwararowa jihar Maraɗi, daga baya har wannan yanki namu. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, da sauran ƙungiyoyi suna ƙidaya su, suna raba abinci da tantuna, kuma aikin yana da amfani ƙwarai. Sai dai buhun shinkafa ba ya sa mace ta cire takalmi ta yi barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa da fargaba har zuwa taɓin hankali. A ɗakin Inna mutum shida ne, kuma da idona na ga alamar a kan uku.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke gaggawar cewa "sai haƙuri". Kalma ce mai daraja, addininmu ya girmama ta, ni ma da ita aka rene ni. Amma na ga yadda matar take fara ba da labarin ƙanenta da aka tafi da shi daji, aka nemi kuɗin fansa, kafin ta kai tsakiya mata uku sun tare ta da "haƙuri za ki yi, ƙaddara ce", sai ta haɗiye sauran. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma sun rufe mata baki ne. Abin da aka haɗiye kuma yakan fito ta wata hanya: ciwon kai da ba ya jin magani, bugun zuciya, rashin barci, da saurin dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Haƙurin da aka ba mutum bayan an saurare shi har ƙarshe daban yake da wanda aka jefa masa don ya yi shiru.

Wasu a unguwar sun ce iska ce ta taɓa yaron a hanya, aka karɓo masa rubutu da tofi. Ban ga laifin addu'a ba, tana sanyaya zuciyar iyaye, yaron ma yana jin an damu da shi. Laifin yana wurin tsayawa a nan saboda tsoron kada a ce hauka, domin a wurin mutanenmu da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, mai nisan fiye da kilomita 500 daga Tawa. Alhali mafi yawan irin wannan firgici ba ya buƙatar a kwantar da kowa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP, wanda manufarsa ita ce a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan lalurori da kula da su a kusa da gida. Ina ganin haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya a asibitin garinmu ko akwai wanda ya samu wannan horo, mu kuma raka baƙinmu can ba tare da kunya ba.

Ciwon uban ya fi wuyar gani, domin namiji a wurinmu ba ya kuka a gaban mutane. Mutum ne da yake da gonaki da shanun noma, yau sai a kira sunan gidansa a layin rabo. Mijin Inna ne ya gane ciwon kafin kowa. Bai yi masa wa'azi ba. Wata safiya ya miƙa masa hauya ya ce, "Malam, gonata ta gabas ta fi ƙarfina bana, ka noma ta mu raba." Da na koma bayan kaka na tarar da shi yana ɗaure dammunan gero, yana yi wa ɗansa faɗa a kan ya saki igiya, muryarsa har waje. An sa yaron makaranta, fitsarin ya ragu, ko da yake har yanzu yakan ɗaga kai in babur ya wuce. Matar kuma ta samu Inna, wadda take zama da ita bayan sallar isha'i tana saurare ba ta katse ta. Na tambayi Inna maganar takalman, ta ce wani dare tana cirewa, wani dare ba ta cirewa.