Neman Zaman Taimakon Juna Ga Mai Son Daina Shan Giya a Katsina

A Katsina, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, wanda giya ta kama yana fama da jarabar shan da kuma fargabar kada a ji. Wannan fargaba ce ta sa ƙanena ya daɗe yana ɓoye halinsa, kafin mu soma neman inda masu irin matsalarsa suke haɗuwa domin ƙarfafa wa juna gwiwa.

Irin wannan zama ya shahara ne ta hanyar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken suna, kuma abin da aka faɗa a ɗaki ba ya fita waje. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya kasance yana son dainawa. A ganina, wannan rufin asiri ne ya fi dacewa da mutanenmu.

Mun fara zuwa asibiti, domin wanda ya daɗe yana sha idan ya yanke lokaci guda, karkarwa, jijjiga ko ruɗewa suna iya kama shi cikin kwana biyu zuwa uku. Likitan da ya duba shi ne ya haɗa shi da wasu da suka riga shi dainawa, sannan ya nuna masa zaman da ake yi ta Zoom, ko da yake yawancinsu da Turanci ake gudanarwa.