NFS a bayan katangar tsaro: ƙofofi da adireshin IPv6

Lokacin da kamfanin Sun ya fito da NFS, tsarin da ke ba kwamfuta damar amfani da fayilolin da ke kan wata kwamfutar ta hanyar sadarwa, a 1984, kwamfutocin ofis a buɗe suke ga juna, babu mai tsare hanya. Wannan tarbiyya ce NFSv3, siga ta uku, ya gada, shi ya sa ba ya jituwa da katangar tsaro (firewall).

Kwamfutar da ke neman fayil tana fara tambayar rpcbind, manhajar da ke faɗin ƙofar (port) kowace hidima, a ƙofa ta 111: ina mountd mai kula da haɗi yake, ina statd da lockd masu kula da kulle fayil? Shi nfsd, mai miƙa fayilolin, yana zaune a 2049, amma sauran ukun kan iya sauya lamba duk sanda sabar ta tashi. Katanga kuwa lamba tsayayya ta sani. Sai ka ga ka buɗe 111 da 2049, haɗin ya ƙi. Ko ya haɗu amma kulle fayil ya maƙale. Maganin shi ne ka kafe su a /etc/nfs.conf: mountd a 20048, statd da lockd kowanne da tasa lambar, TCP da UDP, ka buɗe su duka, sannan ka duba da rpcinfo.

Ni a ganina wannan wahala ce kawai in kana da halin ƙaura zuwa NFSv4. NFSv4 ya tattara haɗi da kulle duka cikin 2049 ta TCP. Sai dai 4.0 ya bar wani rami: idan sabar ta ba kwamfuta aron fayil, wato ikon riƙe shi na ɗan lokaci, ita ce ke buɗe sabon haɗi zuwa gare ta don karɓe aron, kuma NAT, tsarin da ke ɓoye kwamfutocin gida a bayan adireshi ɗaya, ba ya barin baƙo ya shigo. Sigar 4.1 ta 2010 ta mayar da wannan kira cikin haɗin da kwamfutar ta riga ta buɗe. Sa vers=4.1 ko sama a umarnin mount, wanda ake haɗawa da shi.

NAT yana da wata ɓarna. Sabar Linux tana son buƙata ta fito daga ƙofar da ke ƙasa da 1024, NAT kuma yakan canza lambar. Kalmar insecure a /etc/exports, fayil ɗin da ke lissafa abin da sabar ke rabawa, ce ke warware shi, amma ka sani ka sassauta tsaro.

IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, kuma yana buƙatar rpcbind da laburaren libtirpc, tsohon portmap da rpcbind ya gada bai san shi ba. Wajen mount ana saka adireshin cikin baka mai kusurwa, kamar [2001:db8::10]:/data. A /etc/exports kuwa ba a sa bakar, domin can alamar zaɓin haruffa ce. Kar ka manta dokokin iptables, katangar tsaron Linux, ba sa taɓa IPv6. Ip6tables ko teburin inet na nftables ne ke kula da shi.