Godiya bayan taron kallon fina-finan matan karkara

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taronmu na kallon fina-finai kan gwagwarmayar matan ƙauye ya tashi lafiya, kuma akwai mutanen da ya zama dole a gode musu a bainar jama'a.

Ta farko ita ce malamar da ta zauna gefen allo tana yi mana tafinta. Moolaadé, fim ɗin da marigayi Ousmane Sembène ya ɗauka a wani ƙauye na Burkina Faso, yawancinsa da yaren Bambara ne, rubutun ƙasan allo kuwa bai amfani iyayenmu mata da ba su yi boko ba. Ta bakinta suka ji labarin Collé, matar da yara mata huɗu suka gudo wurinta don tsira daga kaciya, ta ɗaura igiya a ƙofar gida ta ce ba mai taɓa su. Da aka zo inda mijinta ke tsula mata bulala a dandali don ta janye kariyar, ta ƙi buɗe baki, muryar malamar sai da ta yi rawa, amma ba ta tsaya ba. Malama, Allah ya biya.

Iyayenmu da suka tsaya tattaunawa, kun ba mu mamaki. Mu da muka shirya taron mun zo da labarin kyautar da fim ɗin ya ci a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2004. Ku kuwa abin da ya tsaya muku a rai shi ne yadda maza suka tattara rediyoyin mata suka cinna musu wuta. Wata baba ta ce ai ƙona rediyon ya fi bulalar nuna tsoron mazan, kuma a ganina ta fi mu fahimtar fim ɗin.

Mazan da suka yi mana gardama cewa an yi musu kuɗin goro, ku ma mun gode, ko ba komai kun zauna har ƙarshe. Haka wanda ya ba mu aron zaure da matasan da suka yi jigilar kujeru.

Dare bai bar mu mun tattauna Difret ba, fim ɗin Habasha na 2014 kan yarinyar da aka sace don a aure ta dole, da lauyarta Meaza Ashenafi, wadda ta zama shugabar kotun ƙolin ƙasar a 2018. Masu neman a maimaita shi da rana, mun ji. Allah ya saka wa kowa da alheri.